Seestar S50 a tsakar gidan Zariya: abin da take iya ɗaukowa daga gajimaren taurari

Seestar S50 na'urar hangen nesa ce mai haɗe da kyamara, wadda kamfanin ZWO na birnin Suzhou a ƙasar Sin ya fitar a shekarar 2023 a kan dala 499. Na saye ta ne da manufa guda, wato in ɗauki hoton gajimaren iskar gas da ke tsakanin taurari, wanda masana ke kira nebula, ba tare da na bar tsakar gidanmu da ke Samaru ba. Na yi aiki da ita a cikin hunturu da bazara da damina da kaka, kuma abin da zan faɗa a kanta ya shafi wannan aiki ne kaɗai, a ƙarƙashin wannan sama tamu. Hukuncina shi ne na'urar tana cika alƙawarinta. Tana shawo kan hasken fitilun gari fiye da yadda na yi tsammani, amma ba ta da wani ƙarfi a kan hazo, kuma duk wanda zai kashe kuɗinsa a kanta a Zariya ya kamata ya san wannan tun kafin ya biya.

Jikinta bai kai girman da mutum zai zata ba. Nauyinta kilo 2.5 ne, faɗin gilashinta na gaba milimita 50, nisan da take tattara haske a kansa kuma milimita 250. A ciki akwai sensar kyamara ta Sony mai lamba IMX462, mai fiksel 1920 a tsaye da 1080 a kwance, da batir mai ƙarfin 6000 mAh, da ma'ajiya mai gigabait 64. Ba ta da wurin sa ido. Wannan shi ne abin da ya fi ba baƙi mamaki, domin duk wanda ya shigo gida ya gan ta a kan ƙafafunta uku, abin da yake fara tambaya shi ne ta ina ake leƙawa. Komai a waya ake ganinsa, ta manhajar da ke haɗuwa da na'urar ta Wi-Fi ɗinta na kanta, don haka ba a buƙatar data a lokacin aiki sai dai idan za a sabunta manhajar. Mutum zai daidaita ta a ƙasa, ya zaɓi abin da yake so daga jerin da ke cikin wayar, ita kuma ta juya da kanta, ta ɗauki hoton taurarin da ke gabanta, ta gwada shi da taswirar da ke cikinta har ta gane inda take kallo, sannan ta gyara saitinta ta fara aiki. Wannan ɓangaren ba ya ba da wahala, kuma yaron da ya iya sarrafa waya zai koye shi a dare ɗaya, muddin yana karanta Turanci, domin manhajar ba ta da Hausa.

Abin da ya sa na'urar ta dace da irin wannan nebula yana cikin yanayin hasken da nebular take fitarwa, kuma sai an fahimci wannan za a gane abin da ake saye. Nebula irin ta Oriyon, wadda ke cikin rukunin taurarin da ake kira da wannan suna, ba hasken wani take aro ba, nata take fitarwa. A cikinta akwai sababbin taurari masu tsananin zafi, waɗanda haskensu mai ƙarfi yake fizge ilektiron daga ƙwayoyin haidirojin da ke kewaye da su. Idan ilektiron ya sake komawa jikin ƙwayar, yana saukowa ne mataki mataki, kuma saukarsa daga mataki na uku zuwa na biyu takan fitar da jan haske mai tsawon zango nanomita 656.3, wanda ake kira H-alfa. Iskar oksijin da ta rasa ilektiron biyu ita ma tana fitar da nata hasken, mai launi tsakanin kore da shuɗi, a nanomita 500.7. A shekarar 1864 William Huggins na Ingila ya ga wannan koren layi a hasken wata nebula, har aka daɗe ana zaton wani sabon sinadari ne da babu shi a duniya, sai a 1927 Ira Bowen na Amurka ya nuna cewa oksijin ce a cikin wani yanayi na ƙarancin iska da ba a samun irinsa a doron ƙasa. Tun da kusan duk hasken nebular yana taruwa ne a waɗannan ƙananan wurare, ana iya toshe sauran launuka a bar su kaɗai su wuce. Seestar tana da matatar haske a cikinta da ke yin haka, mai ƙofa biyu: ɗaya mai faɗin nanomita 20 a wajen H-alfa, ɗaya mai faɗin nanomita 30 a wajen oksijin. Da taɓa allo ɗaya ake saka ta ko a cire ta.

Wannan matata ita ce rabin darajar na'urar a wurina. Unguwanninmu sun cika da fararen fitilun sola, a bakin titi da ƙofofin gidaje da kan katangu, kuma idan na dubi kudu maso gabas daga Samaru, hasken Sabon Gari da Tudun Wada yana tashi sama ya dusashe taurarin da ke ƙasa-ƙasa. Farar fitila irin ta zamani tana watsa haskenta ne a kusan dukkan launuka, saboda haka matatar ba ta kawar da shi gaba ɗaya, tana dai zubar da mafi yawansa. Bambancin a bayyane yake: hoton da aka ɗauka babu matata bayansa fari-fari ne kamar an wanke shi, wanda aka ɗauka da ita kuwa bayansa ya yi duhu, jan gajimaren ya fito da gefunansa. Masu zuzzurfan aiki suna amfani da matatu masu faɗin nanomita 7 ko 3, waɗanda suka fi wannan tsanani nesa ba kusa ba, amma wasunsu kuɗinsu kaɗai yana kusan kuɗin na'urar nan duka. A daren da aka ɗauke wuta a unguwa aikin yakan fi kyau, ko da yake fitilun sola ba sa mutuwa da ɗaukewar wuta. Abin da ya fi cutarwa shi ne fitila ɗaya da ke haska gilashin kai tsaye, kuma maganinta a sa na'urar a inuwar katanga, ko a roƙi maƙwabci ya kashe ta na ɗan lokaci. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu, da na nuna masa abin da nake ɗauka, cewa ya yi: “Ɗana, in don wannan ne, ka riƙa aiko yaro kawai, za a kashe.”

Ba a sa matatar a kan komai. Gajimaren da ke lulluɓe da Kaza Mai 'Ya'ya ƙura ce da ke mayar da shuɗin hasken taurarin, ba haskenta take fitarwa ba, don haka matatar kashe shi take yi. Haka ma tarin taurari masu nisa irin Andiromeda, gara a ɗauke su babu ita.

Yadda na'urar ke gina hoto shi ne ta buɗe idonta na daƙiƙa 10, ko 20, ko 30, ta ɗauka, ta sake ɗauka, tana ɗora kowane sabo a kan na baya. Aikin kamar tarbar yayyafi ne a baho: ba a ganin komai da farko, sai an jima ruwa ya taru. Akwai lissafi a nan da ya kamata mai saye ya riƙe. Tsabtar hoto ba ta ƙaruwa daidai da lokaci. Idan ana so a ninka ta sau biyu, sai an ninka lokacin sau huɗu. Minti 15 yana ba da hoton da za a iya nuna wa mutane, awa ɗaya tana ba da wanda ya ninka shi kyau, kafin a sake ninkawa kuma sai an kai awa huɗu. Bugu da ƙari, awa ɗaya ta agogo ba ta zama awa ɗaya ta haske, domin na'urar tana watsar da duk hoton da taurari suka ja layi a cikinsa saboda iska ko girgiza. A nan na fi son daƙiƙa 10, musamman a daren da iskar hunturu ke kaɗawa, domin ɗan gajeren hoto ya fi tsira.

Nebular Oriyon, wadda ke lamba 42 a jerin Charles Messier na Faransa, ita ce wurin farawa. Tana nesa da mu kimanin tafiyar haske ta shekara 1,350, a ƙarƙashin taurarin nan uku da ke jere a layi ɗaya waɗanda kowa ya sani a saman hunturu. Zariya tana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka wannan nebula tana hawa har kusan digiri 73 a samanmu, nesa da datti da hasken da ke gefen sama. Cikin minti ɗaya launin ja da ruwan hoda yake bayyana a allon waya, abin da idon mutum ba ya iya gani ko da babbar na'ura, domin idonmu a cikin duhu ba ya jin jan haske sosai, shi ya sa masu leƙawa da ido suke ganin ta toka-toka. Bayan rabin awa, fikafikanta biyu suna buɗewa, duhun ƙurar da ya ratsa ta yana fitowa, har siraran zaren gas da ke gefe ana iya bin su da ido. Na daɗe ina kallon wannan hoto, kuma har yanzu ban saba da shi ba: wuri ne da ake haihuwar taurari a yanzu haka, ga shi an ɗauko shi daga tsakar gida, tsakanin rijiya da bishiyar mangwaro. Rauninsa ɗaya shi ne tsakiyar nebular, inda taurari huɗu da ake kira Tirafiziyam suke. Wurin ya yi haske da yawa har yakan ƙone ya zama fari a hoton da manhajar ta haɗa da kanta, kuma sai an gyara da hannu a kwamfuta ake ceto wani abu daga cikinsa.

Kusa da nebular Oriyon akwai Kan Doki, wani dunƙulen ƙura mai duhu da ya tsaya a gaban jan labulen haidirojin, wanda Williamina Fleming ta fara lura da shi a 1888 a jikin wani hoton gilashi a cibiyar nazarin taurari ta Harvard. Wannan shi ne gwajin gaskiya na na'urar, domin ba shi da haske. A daren da sama ta yi tas, awa ɗaya tana fito da siffar kan a fili, kuma idan an saita da kyau nebular Harshen Wuta da ke gefen tauraron Alnitak tana shiga hoton tare da shi. A daren hazo kuwa, ko an kwana ana tarawa, ja ne kawai mai dishi-dishi.

Hazo shi ne babbar matsalar wannan aiki a Zariya, kuma ba laifin na'urar ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har wani lokaci cikin Maris, iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a samanmu. Waɗannan su ne ainihin watannin da Oriyon ke tsaye a sama da daddare. Ƙurar tana cutarwa ta fuska biyu: tana rage hasken nebular kafin ya iso, sannan tana kama hasken gari ta watsa shi ko'ina a sama. Matata tana iya zaɓar launi, amma ba ta iya dawo da hasken da bai iso ba. Duk da haka hunturu ba duka hazo ba ne. Yakan zo ya yi kwanaki ya lafa, kuma alamar da nake bi ita ce faɗuwar rana: idan rana ta dusashe ta zama farin faifai tun tana sama, ba na fito da na'urar, idan ta faɗi da ƙarfinta kuma ana hango dutsen Kufena sarai daga nesa, daren zai yi kyau. Sanyin hunturu ma yana da amfaninsa, domin sensar ba ta da abin sanyaya ta, kuma duk lokacin da ta yi zafi hoton yakan cika da tsaki-tsaki. A zafin Maris da Afrilu ana ganin wannan ƙarara, duk da cewa na'urar tana ɗaukar hoton duhu da kanta a farkon aiki don ta rage shi. Ƙura kuma tana sauka a kan gilashin, kuma bai kamata a goge ta da busasshen ƙyalle ba, sai dai a hure ta da robar hura iska irin ta masu kyamara.

Damina tana da nata hali. Yuli da Agusta su ne lokacin nebulolin da ke wajen tsakiyar babban tarin taurarinmu, wato M8 da M20 da M17 (lambobinsu ke nan a jerin Messier), da kuma M16 wadda a cikinta na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya ta ɗauki hoton ginshiƙan gas da ya shahara a 1995. M8 tana kaiwa kusan digiri 54 a Zariya, alhali a Landan ba ta wuce digiri 14, kuma wannan gata ne da masu wannan sha'awa a Turai suke tafiya mai nisa don su samu. Sai dai waɗannan watanni su ne na hadari, kuma ana iya yin mako ba a ga tauraro ba. Amma idan aka yi ruwa da yamma sama ta washe bayan isha'i, babu daren da ya kai wannan tsabta a duk shekara. A irin wannan dare M8 ta ba ni hoton da na fi so a cikin duk abin da na ɗauka, har ya fi na Oriyon, domin ta zauna daidai a cikin firam ɗin, da duhun rafin da ya raba ta biyu. A M16 ana ganin ginshiƙan, ƙanana ƙwarai, amma su ne. Raɓa takan sauka da yawa a wannan lokaci, kuma na'urar tana da abin ɗumama gilashi a cikinta da ke hana ta zama. Yana aiki, sai dai yana shan batir, ta yadda awa shida da kamfanin ya ambata ba ta cika idan yana kunne. Fawa banki da aka jona ta USB-C yana warware wannan.

Mafi kyawun lokaci shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta iso. Da farkon dare ana samun M27 da nebular Mayafi a ɓangaren arewa maso yamma, waɗanda koren oksijin ɗinsu ya fi fitowa, kafin asuba kuma Oriyon ta hau sama. A kowane wata, kwanakin da suka fi dacewa su ne daga wajen 25 ga watan Musulunci zuwa 5 ga mai bi masa. Matatar tana ba da damar yin aiki a kan nebula mai haske ko da akwai farin wata, amma ba a daren sha huɗu ba.

Akwai iyakoki biyu a ƙirar na'urar da suka fi shafar mu fiye da mutanen Turai. Na farko shi ne ƙanƙantar filin da take gani, digiri 1.29 a tsaye da 0.73 a kwance, wato faɗinsa bai kai wata ɗaya da rabi ba. Nebular Rozet ta kai kimanin digiri 1.3, don haka ba ta shiga duka, haka ma nebular Arewacin Amurka da ke kusa da tauraron Deneb. Sabuntawar manhaja ta 2024 ta kawo tsarin ɗinka hotuna da ke faɗaɗa filin, amma yana cin lokaci mai yawa kafin kusurwoyi su cika. Na biyu shi ne yadda take bin sama: tana juyawa ne hagu da dama, sama da ƙasa, ba a kan layin da duniya ke juyawa ba. Sakamakon haka hoton yana murɗawa a hankali, gefunansa suna lalacewa, kuma abin yana tsananta idan abin da ake ɗauka ya kusa tsakar ka. Rozet tana wucewa ne a kusan digiri 84 a Zariya, kuma a daidai wannan lokaci na'urar takan watsar da hotuna da yawa. Dabarar ita ce a ɗauke ta tana hawa ko tana gangarowa, tsakanin digiri 35 da 70. A 2025 an ƙara tsarin da ake karkatar da na'urar ta fuskanci tauraron arewa don a kawar da murɗawar, sai dai a wurinmu tauraron yana digiri 11 ne kacal daga ƙasa, ma'ana sai an kwantar da na'urar kusan gaba ɗaya a gefenta, kuma wannan yana buƙatar ƙafafu masu nauyi da kai mai ƙarfi waɗanda ba sa cikin akwatin.

Ƙafafun da ke cikin akwatin gajeru ne ƙwarai, kuma a gidajenmu masu dogayen katangu wannan yana rufe sama mai yawa. Abin ya fi ciwo a kan nebular Karina, wadda ta fi ta Oriyon girma, kuma ba ta fitowa ko kaɗan a saman Ingila ko Jamus. A Zariya tana kaiwa kusan digiri 19 a kudu, wajen tsakar dare a farkon Maris, wajen ƙarfe tara a tsakiyar Afrilu. Daga tsakar gida katanga ce take tare ta. Daga saman bene na same ta, a daren da ƙura ta kwanta, kuma duk da kaurin iskar da ke wannan tsayi, haskenta ya ratso har ya ba da hoto mai kyau na tsakiyarta. Wanda yake da bene mai kallon kudu, ko gona a bayan gari da babu fitila a kudancinta, ya sa wannan nebula a gaba, domin tana cikin abubuwan da mazauninmu ya ba mu.

Hoton da manhajar ke bayarwa nan take ya isa a tura wa 'yan uwa, amma ba shi ne ƙarshen abin da na'urar ta tara ba. Idan aka umarce ta ta ajiye kowane hoto daban a tsarin FITS, ana iya kwashe su zuwa kwamfuta a sake haɗa su da Siril, manhajar da ake samu kyauta, a cire hasken gari da ya rage, a fito da launuka a hankali. Bambancin yana da girma, kuma a nan ne mutum yake fara koyon sana'ar da gaske. Sai dai fiksel miliyan biyu ba su da yawa. Hoton yana da kyau a waya da kwamfuta, amma ba zai jure a buga shi babba a rataye a bango ba.

Wanda burinsa ya ga zoben duniyar Zuhal ko ratsin jikin duniyar Mushtari kada ya sayi wannan, domin a milimita 250 ƙananan ɗigo ne kawai. Wata yana fitowa da kyau, rana ma haka da matatar da aka haɗo a akwatin, wadda wajibi ne a saka ta kafin a juya na'urar wajen rana. Akwai ƙaramarta, S30, mai gilashin milimita 30, wadda ta fi araha kuma filinta ya fi faɗi, don haka manyan nebuloli sun fi shiga cikinta, amma S50 ta fi tara haske kuma ta fi fito da ƙananan siffofi irin Kan Doki da M27. A kan farashin na'urar sai an ƙara kuɗin jigila da na kwastan, kuma idan wani abu ya lalace, gyara yana nufin mayar da ita waje, saboda haka a saya daga dillalin da zai ba da shaidar garanti a rubuce. Ga ɗalibi ɗaya kuɗin yana da nauyi, amma ga makarantar sakandare, ko ƙungiyar ɗaliban kimiyya, ko abokai uku da za su haɗa hannu, abu ne mai yiwuwa, kuma mutane da yawa suna iya haɗa wayoyinsu su kalli hoton yana taruwa a lokaci ɗaya. Wanda ya yanke shawarar saye, ya yi odarta tun cikin Agusta, domin ta iso ya koyi sarrafa ta kafin sama ta buɗe a Oktoba.